An kwashe WhatsApp ɗin yayana, to ina tsaron da ake ta cika baki da shi?

Ɗan_Layin_Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar waya na gidan nan, kuma don Allah a ba ni amsa ta gaskiya ba ta kare kamfani ba. Jiya bayan la'asar aka kwashe WhatsApp ɗin yayana, muna shago yana auna wa wata mata leshi kawai ya duba waya ya ga an fitar da shi, wai an yi rajistar lambarsa a wata wayar. Kafin isha mutum huɗu sun tura kuɗi har da ƙanwar mamanmu da ta tura dubu 40, don ɓarawon ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa a taimaka a tura wa wani yaro kuɗin dako zai mayar da safe. Abin da ya ɗaure min kai, duk hirar da ka buɗe sai ka ga rubutun nan mai ruwan ɗorawa a sama wai saƙonninka a kulle suke ko su masu WhatsApp ɗin ba sa iya karantawa. To in haka ne ta ina ɓarawo ya shiga? Ni dai na ce ƙarya kawai suke mana, babu wani tsaro.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Irin sa sak aka yi wa malamar islamiyyarmu bara.

Mai_Gyaran_Waya:
Wa alaikumus salam. Kafin mu zagi kamfani je ka tambayi yayan naka tambaya ɗaya, jiya ko shekaranjiya akwai wanda ya kira shi ya ce ya karanto masa wasu lambobi shida da suka shigo ta tes? Ka tambaye shi ku biyu ba gaban yaran shago ba, don manya ba sa son amsa irin wannan a cikin mutane.

Ɗan_Layin_Atamfa:
Na tambaye shi. Da farko ya ce babu, daga baya ya ce wani ya kira shi da azahar da Hausa tsaf, ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarsu ne za a yi mitin ta intanet ƙarfe takwas na dare kan tallafin wani da ba shi da lafiya, an turo masa lambar shiga mitin ya karanto a sa sunansa. Shi kuma ya karanto.

Mai_Gyaran_Waya:
To shi ke nan, an gama. Ba fasa ƙofa aka yi ba, mukulli ya miƙa da hannunsa.

Injiniya_Zazzau:
Bari in ɗan warware, don abubuwa biyu ne mai tambaya ya haɗa wuri ɗaya. Rubutun nan mai ruwan ɗorawa gaskiya ne, tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ya kammala sa wa kowa wannan kullin, kuma tsarin da masu manhajar Signal suka ƙirƙira ya ɗauka. Aikinsa shi ne saƙo ya fita daga wayarka a hargitse, ba wanda zai iya warware shi a hanya, ba kamfanin layi ba, ba mai wayfay ɗin da ka hau ba, sai wayar wanda ka aika wa. Wato tsaron hanya ne. Amma waye mai asusun, wannan wata magana ce daban. WhatsApp bai san fuskar yayanka ba bai san sunan babansa ba, abin da ya sani kawai lambar waya, duk wanda ya saka lambar a sabuwar waya ya kuma kawo lambobi shidan da aka tura wa layin to a wajensa shi ne mai ita. Ɓarawon ya saka lambar yayanka a tasa wayar, tes ya zo wa yayanka, sai ya kira ya karɓa da labarin mitin. Ka lura ma tsofaffin hirarrakin yayanka ba su bi shi ba, suna cikin wayar yayanka. Abin da ya samu guruf-guruf ne da lambobin mutanen ciki, da duk saƙon da ya shigo daga lokacin.

Bakatsine_01:
Hhh idan ɓera da sata daddawa ma da wari. A cikin tes ɗin fa an rubuta kar ka ba kowa.

Hajiya_Mai_Turare:
Haba Bakatsine, da turanci ake rubutawa, kuma mutum yana tsakiyar ciniki ana ta masa magana a kunne. Kai da ka yi boko ka ga sauƙinsa. Mijina ya fi shekara talatin yana kasuwa ba a taɓa cutarsa a lissafi ba amma tes in ya shigo sai ya kira yaro. Kar mu mai da abin laifin wanda aka zalunta.

Bakatsine_01:
Afuwan Hajiya, wasa nake. Allah ya huci zuciyarki.

Sarkin_Gardama:
Ni ban yarda da maganar Injiniya gaba ɗaya ba. Kullum sai ku ce mutum ne ya ba da kod. Ni an ɗauke nawa wata uku da suka wuce kuma wallahi ban karanta wa kowa komai ba, tes ma bai shigo min ba. Akwai manhajar da suke da ita da ke shiga waya daga nesa, ku dai ba ku santa ba ne.

Injiniya_Zazzau:
@Sarkin_Gardama ban ƙaryata ka ba. Amma ka tuna, kafin abin ya faru akwai wanda ya sa ka danna wasu lambobi masu farawa da tauraro, wai na kyautar data ko duba rajistar NIN?

Sarkin_Gardama:
Akwai wanda aka turo a guruf ɗin unguwa na giga goma kyauta, na danna bai ba ni komai ba. Meye haɗinsa?

Injiniya_Zazzau:
Shi ne haɗin gaba ɗaya. Duk lambar da ta fara da **21* sai lambar wani sai # a ƙarshe, umarni ne ka ba kamfanin layi cewa duk kiran da aka yi maka a karkatar da shi zuwa waccan lambar. Shi kuma WhatsApp in tes bai zo ba yana da zaɓin a kira ka a karanto maka kod ɗin da murya. Sai ɓarawon ya zaɓi kira, kiran ya tafi wajensa, kai kana zaune kana jiran giga goma. Kowa ya danna *#21# yanzu ya ga ko an karkatar da kiransa, in kuma kana shakka danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa.

Maman_Ilham:
Na danna, nawa lafiya lau Alhamdulillah. Gabana sai da ya faɗi kafin ya buɗe.

Sarkin_Gardama:
To na ji wannan. Amma har yanzu ina kan bakana cewa akwai manhajar shiga waya daga nesa.

Ɗalibin_Kwamfuta:
A nan kam Sarkin Gardama yana da gaskiya, akwai ta. Sunanta Pegasus, wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO Group ke yin ta. A 2019 an gano wata kafa a ɓangaren kiran WhatsApp, kiranka kawai za a yi ko ba ka ɗaga ba manhajar ta shige wayarka, kuma in ta shiga kulli ba ya hana ta komai don a kan wayar take karanta saƙon bayan an riga an warware shi, har makirfo da kyamara tana iya kunnawa. Mutum kusan 1,400 aka hara a lokacin, cikinsu da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. WhatsApp ya toshe kafar ya kuma kai su kotu a Kalifoniya a watan Oktoban shekarar, Amurka ma ta sa kamfanin NSO ɗin a jerin waɗanda ta ƙaƙaba wa takunkumin kasuwanci a 2021. Sai dai fa gwamnatoci ake sayar wa wannan abin da maƙudan daloli. Wanda ke bin ƙanwar mama yana roƙon dubu 40 ba shi da kuɗin sayen ko ƙurarta.

Bakatsine_01:
Wato Sarkin Gardama yana ganin shi ma babban mutum ne da za a kashe wa miliyoyin dala hhhh

Sarkin_Gardama:
Kai dai ka kiyaye ni yau.

Mai_Gyaran_Waya:
Akwai hanya ta uku da ba a faɗa ba kuma ita na fi gani a teburina, musamman tsakanin mata da miji ko saurayi da budurwa ko yaron shago da ubangidansa. Ba a fitar da kai, ana zaune tare da kai ne a ciki. WhatsApp yana bari ka haɗa na'ura har huɗu da asusunka, mutum ya ce ara min wayarka in yi kira, minti ɗaya ya ishe shi ya ɗauki hoton tambarin nan mai ɗigo-ɗigo daga tasa na'urar, daga nan duk abin da ka rubuta yana gani har da hirarrakin baya-bayan nan. Wata baiwar Allah ta zo min tana kuka wai kishiyarta na mata asiri don duk abin da ta faɗa wa 'yar uwarta sai ta ji shi a gida, na buɗe wajen na'urorin da aka haɗa sai ga kwamfuta a jere. Ku danna ɗigo ukun nan na sama ku duba, duk wadda ba ku gane ba ku fitar da ita.

'Yar_Gidan_Liman:
Kai subhanallahi. Amma tsakani da Allah malam mai gyara, ku ma ana tsoronku fa. Mutum ya kawo gyaran sikirin ku ce sai ya ba da lambar buɗe waya.

Mai_Gyaran_Waya:
Gaskiyarki ce 'yar uwa, a cikinmu akwai ɓata-gari kamar kowace sana'a. Canjin sikirin ko bakin caji ba ya buƙatar lambarki, in an gama ki buɗe da kanki a gwada a gabanki. Kuma ki cire sim ɗinki ki tafi da shi, wannan ma ya fi komai.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Maganar sim ɗin nan ita nake jira a zo. Ku kuna ta kukan WhatsApp, ni abin da ya fi ba ni tsoro layin kansa. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020, lambar wayarka ta zama ita ce kai. Alat ta nan, OTP, wato kod ɗin da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi, ta nan, taransfa da tauraro ta nan. Wanda ya fizge maka waya a adaidaita sau da yawa ba wayar ce damuwarsa ba, sim zai zare ya sa a 'yar ƙaramar waya ya fara lalube. Abin da na sha gani lokacin ina aiki, mutum ya zo da safe yana ihu alhali tun tsakar dare aka gama da shi. Ku sa wa sim lambar sirri, yana cikin setin na waya ɓangaren tsaro, ko an sa shi a wata wayar ba zai tashi ba sai da ita. Amma a yi hattara, in ka yi kuskure sau uku zai nemi PUK wadda ke jikin katin da ka ɓallo sim ɗin, in ka yi kuskuren PUK sau goma sim ya mutu sai welkom bak, wato kamfanin layi ya ba ka sabon sim da lambarka ta da. Sannan in kana zaune netwok ɗinka ya ɗauke ɗif na mutanen kusa da kai masu layi irin naka yana aiki, kar ka ce bari gobe, wataƙila wani ne ya yi welkom bak da lambarka. Ko shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ta canjin sim aka shiga asusunsa a 2019.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu ma nan irin ta ce, saidai su ce ka ci kyauta ko an yi kuskure an turo kuɗi a lambarka ka maido. Kuma da yake 'yan kasuwarmu da na Kano da Katsina guruf ɗaya muke, in an ɗauke na mutum guda can sai a bi mu nan da shi. Wani abokin cinikina saura kaɗan ya aika jaka ɗari, Allah ya sa ya kira ya ji muryar mai lambar.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Kira ya fi rubutu nesa ba kusa ba, amma muryar ma yanzu a yi hankali. Da ɗan guntun saƙon murya ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon mutum. A farkon 2024 a Hong Kong wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Ingila mai suna Arup ya shiga mitin na bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗinsu da wasu abokan aiki, fuska da murya duk nasu, ashe duk na bogi ne, ya tura kusan dala miliyan 25.

Hajiya_Mai_Turare:
To mu ina za mu sa kanmu? Rubutu ba tabbas murya ba tabbas.

Malam_Na_Tudu:
Hajiya ki kira ta layi ba ta WhatsApp ba, ki kuma tambayi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Ni ɗana da ke karatu a Sakkwato in ya nemi kuɗi sai na tambaye shi sunan akuyar kakarsa. Kwamfuta ba ta san wannan ba tukuna.

Maman_Ilham:
Hhhh Malam Allah ya ƙara girma, wannan dabarar na ɗauka.

Ɗan_Layin_Atamfa:
Na gode da bayanai amma an bar ni a baya. Yanzu ya za mu dawo da shi? Mun sa lambar, kod ya zo mun saka, sai kuma ya ce mu kawo wata lambar sirri ta daban wadda yayana bai taɓa sawa ba.

Injiniya_Zazzau:
Ɓarawon ne ya kunna makulli na biyu, abin da ake ce wa tu-stef, da lambarsa da imel ɗinsa. Kar ku yi ta cankar lamba, shida ce, hanyoyin jera ta miliyan ɗaya ne, kuma in kuka yi ta kuskure sai a ƙara muku lokacin jira. Ƙa'idar WhatsApp kwana bakwai za ku jira sannan ku shiga ba tare da ita ba. Labari mai daɗi shi ne tun lokacin da kuka saka kod ɗin tes an riga an fitar da shi, yanzu ba ku ciki shi ma ba ya ciki. Cikin kwanakin nan ku kira adimin na duk guruf ɗin da yake su sanar, ku kuma kai lambar akawun ɗin da aka tura kuɗin banki da wajen 'yan sanda da rasit ɗin kowa, da wuri ya fi. Ranar da ya dawo abu na farko ya sa tasa lambar sirrin da imel ɗin da yake iya buɗewa. Tun 2017 aka kawo makullin nan, da yana da shi ko ya karanta wa mutumin kod ɗin da sai ya tsaya a ƙofa ta biyu.

Sarkin_Gardama:
To ai ka dawo kan maganar mai tambaya. In sun san makullin na biyu shi ne tsaron gaske me ya sa ba su tilasta wa kowa ba tun ranar rajista? Kamfanin da aka saya kusan dala biliyan 19 a 2014 ya kasa wannan? Sun ɓoye shi can cikin setin sai ɗan boko ya lalubo. Ni a wajena suna da kaso a laifin.

Injiniya_Zazzau:
Wannan kam ba zan musa maka ba sosai. Abin da zan ce kawai, ka tuna mutum nawa za su manta lambar ranar da suka canza waya, kuma da yawa ba su da imel ko yaron shagon caji ne ya buɗe musu ba su san fasawod ɗin ba. Da an tilasta da yanzu wani guruf ɗin ake zaginsu kan sun kulle tsofaffi a waje.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Kuma ko an tilasta, wanda ya karanto lamba ɗaya zai karanto ta biyu in mai kiran ya iya baki. Ma'aikatan Twitter ma da waya aka yaudare su a watan Yulin 2020 har aka yi rubutu da asusun Obama da Bill Gates da Elon Musk ana neman bitkoyin, kuma yaro ɗan shekara 17 a Florida aka kama a matsayin jagora.

'Yar_Gidan_Liman:
Ni tambayata daban ce, masu amfani da GB WhatsApp fa? Ƙanina ya ce wai ya fi tsaro don yana da kwaɗo a ciki kuma ana ganin saƙon da aka goge.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Anti ki ce ya sauke shi. Ba na kamfanin ba ne, wasu ne da ba a san su ba suka buɗe na asalin suka yi masa ƙari, shi ya sa ba ya Play Store sai ta linki. Duk abin da ya rubuta ta hannunsu yake bi kafin a kulle shi, kuma WhatsApp na rufe lambobin da ya kama suna amfani da shi. Kwaɗon ma yanzu akwai a na asalin.

Bakatsine_01:
Ganin saƙon da aka goge dai shi ne ya riƙe mutane ba wani kwaɗo ba, gulma ce kawai.

Malam_Na_Tudu:
Wani abu da nake so a duba, mutumin nan ya san yayan naka yana guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, ya san sunansa, ya san ana tara wa mara lafiya kuɗi ko kuwa dai ya ƙirƙira?

Ɗan_Layin_Atamfa:
Wallahi da gaske ana tarawa Malam, shi ya sa bai yi shakka ba. Yanzu muka ji ashe tun ranar Talata aka ɗauke na ma'ajin guruf ɗin, bai faɗa wa kowa ba don kunya, ya je ya sayi sabon layi ya yi shiru. Tsohuwar lambarsa tana ciki har yanzu kuma adimin ce.

Hajiya_Mai_Turare:
Kai jama'a! To ai shi ne ya ja wa kowa.

Mai_Gyaran_Waya:
Ku yi maza wani adimin ɗin ya cire lambar yanzu-yanzu, ya kuma sake linkin gayyata don tsohon yana hannun ɓarawon. Mutum nawa ne a ciki?

Ɗan_Layin_Atamfa:
Sun haura ɗari biyu. Matsalar adimin biyu ne kawai, ma'ajin da yayana.

Sarkin_Gardama:
Tabɗi.

Injiniya_Zazzau:
To kafin kwana bakwan su cika mai yiwuwa ya cire yayanka daga adimin ɗin ma, in bai riga ya yi ba. Ku buɗe sabon guruf yau, ku bi mutane da kira ta layi ɗaya bayan ɗaya su fita daga tsohon. A fara da dattawan ciki.

Ɗan_Layin_Atamfa:
Mun fara tun ɗazu, mun kira wajen talatin. Biyu sun ce an riga an kira su da safen nan kan mitin ɗin ƙarfe takwas, ɗaya ya kashe wayar ɗayan kuma ba ya ɗagawa yanzu. Wa ke da katin kira mai araha ya faɗa min wanne tsari zan shiga, kuɗin wayata sun kusa ƙarewa.